Tambayoyi da amsoshi ga masu gina shafukan intanet: haruffa masu ƙugiya, nauyin shafi da sauran matsalolin aiki

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga masu koyon gina shafukan intanet da waɗanda suka fara karɓar aiki. Yawancinsu tushensu ɗaya ne: shafi yana tafiya sumul a kwamfutar wanda ya gina shi, amma da ya isa wayar mai karatu sai ya canza hali.

Waɗanne kayan aiki zan sauke kafin in fara?

Uku sun isa: editan rubuta kod, burauza, da Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod. Editan da aka fi amfani da shi yanzu shi ne VS Code na kamfanin Microsoft, kuma kyauta ne. Kada ka cika shi da ƙarin manhajoji tun ranar farko, musamman idan kwamfutarka mai RAM 4GB ce. Prettier don daidaita layukan kod, ESLint don nuna kurakuran JavaScript, da Live Server don ganin canji nan take, sun wadatar.

Madannan da suka fi rage wahala kaɗan ne. Ctrl+P yana buɗe kowane fayil da sunansa. Ctrl+D yana zaɓo kalma ta gaba irin wadda ka zaɓa, don ka canza su gaba ɗaya. Alt da kibiyar sama ko ta ƙasa yana ɗaga layi ko ya sauke shi. A sabon fayil na HTML kuwa, rubuta alamar `!` ka danna Tab, ƙashin shafin gaba ɗaya zai fito. Sai dai ka tuna ka mayar da `lang="en"` da ya zo da shi zuwa `lang="ha"` idan shafin na Hausa ne.

Na rubuta "ƙasa" amma shafin yana nuna "Æ™asa". Me ya faru?

Rubutun bai lalace ba, karanta shi aka yi da tsarin da ba nasa ba. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Idan burauza ta ɗauka cewa fayil ɗin na tsohon tsarin Windows-1252 ne, sai ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa: C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Haka ɗ yake komawa É da dogon layi. Duk inda ka ga Æ ko É sun tsaya a gurbin harafi mai ƙugiya, ciwon ke nan.

Wurare huɗu rubutu yake bi, kuma dole duka su yarda da juna. Na farko fayil ɗin kansa: duba ƙasan tagar VS Code ta dama, ya kamata ka ga UTF-8. Na biyu shafin: saka `<meta charset="utf-8">` a farkon `<head>`, cikin bayit 1024 na farko, kafin taken shafin. Na uku teburin rumbun bayanai. Na huɗu, wanda aka fi mantawa, shi ne haɗin da ke tsakanin kod da rumbun. A PHP, idan PDO kake amfani da shi wajen haɗa kod da rumbun, ƙara `charset=utf8mb4` a layin haɗi.

Akwai tarko a MySQL da ya kamata a sani. Abin da yake kira `utf8` a tsofaffin sigoginsa ba cikakken UTF-8 ba ne, bayit uku kawai yake ɗauka. Haruffan Hausa za su shiga lafiya, amma ranar da wani ya saka emoji a saƙonsa, mai bayit huɗu, sai ajiyar ta ƙi. Cikakken shi ne `utf8mb4`, kuma tun daga MySQL 8.0 shi ne yake zuwa da kansa. Masaukan shafi masu arha da yawa har yanzu suna da tsofaffin saituna, don haka a duba, kada a ɗauka.

Idan kuma abin da ka gani a cikin teburin alamar tambaya ce, "?asa", to harafin ya salwanta tun lokacin ajiya. Babu umarnin da zai dawo da shi, sai an sake shigar da rubutun.

Ba Æ nake gani ba, ɗan akwati ne, ko kuma harafin ya fita daban da 'yan'uwansa.

Wannan matsalar salon rubutu ce, wato font ɗin da ka zaɓa ba shi da zanen harafin. Burauza sai ta aro shi daga wani font, shi ya sa za ka ga ɗ ya fi sauran haruffan kalmar siranta ko tsawo. Kafin ka ɗauki kowane font, liƙa wannan layi a wurin gwajinsa: Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ ₦. Manyan haruffan su suka fi ɓacewa, kuma a kanun labarai ake ganin asirin ya tonu. Noto Sans, Andika da Gentium duk suna da su. Ƴ da ƴ su ne na rubutun Nijar, inda Najeriya ke rubuta 'y, saboda haka idan kana da masu karatu a Maraɗi ko Damagaram kada ka tsallake su.

Masu rage nauyin font ta hanyar yanke haruffan da ba a buƙata su kula: haruffa masu ƙugiya suna cikin rukunin `latin-ext`. Wanda ya sauke rukunin `latin` kaɗai ya zubar da su.

Mai bincike ya rubuta "kasa" amma labarin da ke da "ƙasa" bai fito ba.

Mutane da yawa ba su da madannan Hausa a waya, don haka dole akwatin bincike ya yi musu uzuri. Dabarar da ake yawan samu a intanet, ta amfani da `normalize("NFD")` a cire alamomi, tana aiki ga é na Faransanci domin e ne da alama a kansa. Ba ta aiki ga ƙ, ɗ, ɓ, saboda a Unicode kowannensu harafi ne guda da ba ya rabuwa. Sai dai ka rubuta naka ɗan aikin: mayar da komai ƙananan haruffa, sannan ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ƴ ta koma y, a cire alamar ' irin ta cikin Sa'idu. Ajiye wannan sigar a wani ginshiƙi na daban a teburin, ka riƙa bi da kalmar mai bincike ta hanya ɗaya kafin a kwatanta. Rubutun da ake nunawa kuwa kada a taɓa shi. Ƙafa da kafa ba abu ɗaya ba ne. Wannan aikin zai kuma yi maka amfani wajen haɗa adireshin labari, don kada ya cika da %C6%99 idan an tura shi a WhatsApp.

Fom ɗina yana aiki, amma duk mai suna Sa'idu ko Isma'il ba ya iya rajista.

Ka gode wa Sa'idu, domin ya nuna maka ƙofar da ɓarawo zai shigo ta cikinta. Abin da ke faruwa shi ne kana manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL. Alamar ' da ke cikin sunan ta rufe zancen kafin lokacinsa, sauran harufan suka zama umarnin da rumbun bai gane ba. Idan suna na gaskiya ya iya karya umarnin, mai mugun nufi zai iya rubuta abin da zai kwashe teburin masu rajista duka.

Maganin ba hana alamar ba ne, ba kuma goge ta ba. Maganin shi ne umarni mai gurbi: a rubuta `INSERT INTO mutane SET suna = ?`, a shirya shi da `prepare`, sannan a miƙa sunan daban ta `execute`. Ta haka rumbun ya san wanne ne umarni, wanne ne bayani. Kowane yare yana da irinsa, kuma Laravel da Django suna yi maka shi muddin ba ka kauce ka haɗa umarnin da hannu ba.

Tunda ana maganar rajista: kalmar sirri ba a ajiye ta yadda aka rubuta ta, ba a kuma ɓoye ta da tsohuwar hanyar MD5. A PHP `password_hash` da `password_verify` ake amfani da su. Sannan abin da mutum ya rubuta, idan za a nuna shi a shafi, a bi da shi ta `htmlspecialchars`, ko a JavaScript a saka shi da `textContent` maimakon `innerHTML`.

Shafin yana buɗewa nan take a wajena, amma mai aikin yana ƙorafin nauyi.

Kai daga kwamfutarka kake buɗe shi, ko kuma burauzarka ta riga ta ajiye hotunan. Shi kuwa yana kan waya da netwok mai sanda biyu. Ka saka kanka a matsayinsa. Danna F12 a Chrome, shiga Network, yi alama a Disable cache, ka zaɓi saurin 3G, sannan ka sake buɗe shafin. A ƙasan tagar za ka ga adadin fayilolin da aka nema da jimlar nauyinsu. Jera su bisa girma. Galibi fayil uku ko huɗu ne suka cinye fiye da rabi. A sashen Performance kuma akwai wurin rage ƙarfin kwamfutar sau huɗu, don ta kwaikwayi waya mai arha.

Kwaikwayo dai kwaikwayo ne, gani ya kori ji. Ɗauki waya ta Android, irin Tecno ko itel da mutane ke riƙewa, shiga saituna, taɓa Build number sau bakwai, kunna USB debugging, ka haɗa ta da kwamfuta. Rubuta `chrome://inspect` a Chrome na kwamfutar, za ka ga shafin da ke buɗe a wayar tare da duk kurakuransa.

Ma'aunin da Google ke amfani da shi uku ne. Babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Shafin ya amsa taɓawa cikin kashi 200 na dubun daƙiƙa. Wannan ma'auni, INP, ya maye gurbin tsohon ma'aunin FID a watan Maris na 2024. Sannan tsalle-tsallen shafi kada ya wuce 0.1. Lighthouse da ke cikin Chrome zai ba ka maki, amma kada neman 100 ya ɗauke maka hankali daga jerin gyare-gyaren da ke ƙasan makin.

Yaya zan yi da hotuna?

A nan mafi yawan nauyin yake. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai faɗin fiksel 4000 da nauyin megabayit uku ko fiye, alhali fuskar wayar da za a kalle shi a kai faɗinta a ma'aunin CSS bai fi 360 zuwa 400 ba. Rage shi da CSS ba ya rage datar da za a kashe, duk fayil ɗin ake saukewa.

Yi siga biyu, mai faɗin 600 da mai 1200, ka mayar da su WebP da inganci kamar 75. Squoosh yana yin haka a cikin burauza, ko kuma umarnin `cwebp -q 75`. Hoton labari na yau da kullum bai kamata ya wuce kilobayit 150 ba. Sanya su biyun a `srcset` tare da `sizes`, burauza ta zaɓi wanda ya dace. Kowane `<img>` a ba shi `width` da `height`. Rashinsu ne ke sa rubutu ya yi tsalle daidai lokacin da mutum zai taɓa wani abu, ya taɓa talla. Hotunan da ke can ƙasa a saka musu `loading="lazy"`. Na saman shafi kuwa kada a saka masa, jinkirta shi zai yi. Tambari da ƙananan alamomi a yi su da SVG.

Dole ne in yi amfani da React, kayan gina shafi na JavaScript?

A'a. Shafin makaranta, na asibiti, na shago mai shafuka biyar, HTML da CSS da ɗan JavaScript sun ishe shi, kuma zai fi sauri. React da irinsa suna da amfani inda shafi yake kamar manhaja, da allon da ke canzawa kullum. Farashinsu shi ne wayar sai ta sauke JavaScript, ta karanta shi, ta gudanar da shi kafin a ga komai, kuma kilobayit 300 na JavaScript sun fi kilobayit 300 na hoto wahalar da waya. Ga kuma Opera Mini, da har yanzu ake amfani da ita don tattalin data: a yanayinta na matsanancin tattali, sabar Opera, wato babbar kwamfutar kamfanin, ce ke buɗe shafin ta turo sakamakon, don haka shafin da ba shi da komai sai JavaScript yana iya zuwa fari fat. Ko me ka zaɓa, saka `defer` a kan `<script>`, ka tabbatar sabar tana matse fayiloli da gzip ko Brotli.

An ɗauke wuta, aikin awa uku ya tafi. Wane tsari zai kare ni?

Kunna Auto Save a VS Code tukuna. Sannan Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Abin da sababbi ba su sani ba shi ne `git commit` ba ya buƙatar intanet, a kwamfutarka yake ajiyewa. Saboda haka duk ɗan aikin da ya kammala, yi `git add .` da `git commit -m` da bayani mai ma'ana, kamar "gyara fom ɗin rajista", ba "gyara" kawai ba. In an samu netwok sai `git push`. Fayil ya rikice kana son yadda yake a ajiyar ƙarshe: `git restore` da sunansa. Za ka gwada wani abu mai haɗari: `git switch -c gwaji`. Ka yi kuskuren da kake ganin ya share ajiyoyinka: `git reflog` zai nuna maka duk inda ka taka.

GitHub, shafin da ake tura ajiyoyin Git, ya daina karɓar kalmar sirri wajen turawa tun Agusta 2021, sai da mabuɗin SSH ko token. Yana kuma ƙin fayil da ya wuce megabayit 100. Foldar `node_modules` ba ta shiga Git ko kusa, a rubuta ta a `.gitignore` kafin ajiyar farko.

Na tura fayil ɗin `.env`, mai ɗauke da kalmomin sirri da mabuɗai, zuwa GitHub bisa kuskure, na goge shi. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Yana nan cikin tarihin ajiya, kuma akwai manhajojin da aikinsu kawai sintiri a GitHub suna neman mabuɗai. Ka ɗauka an riga an gani. Canza kalmar sirrin rumbun bayanai, soke mabuɗan da ke ciki ka karɓi sababbi, sannan `git rm --cached .env` ka saka shi a `.gitignore`. Haka kuma duk mabuɗin da ka saka cikin JavaScript na burauza a bainar jama'a yake, F12 kawai ya isa a karanta shi.

Na ɗora shafin a saba, hotuna sun ɓace ko ana nuna 500.

Fara da sunayen fayiloli. Windows ba ta bambance `Hoto.JPG` da `hoto.jpg`, amma Linux, wadda yawancin saba ke amfani da ita, tana bambancewa. Al'ada mai kyau ita ce ƙananan haruffa zalla, babu sarari, babu ƙugiya a sunan fayil. Sai ka nemi kalmar `localhost` ko `C:\` a cikin kod ɗin duka.

Lambar kuskuren tana faɗin inda za a duba. 404 ba a ga fayil ba. 403 an gani amma babu izini; 644 ga fayiloli da 755 ga foldoji su ne daidai, 777 kuwa buɗe gida ne ga kowa. 500 kod ɗinka ne ya faɗi, kuma dalilin yana rubuce a fayil ɗin `error_log`, da lambar layi. 502 yana nufin Nginx, manhajar da ke karɓar buƙatu a saba, ya ƙwanƙwasa wa PHP ko Node bai ji amsa ba, wataƙila sun mutu. Sau da yawa sigar PHP ta saba ce ta bambanta da taka.

Na canza CSS amma mai aikin yana ganin tsohon.

Burauzarsa ta ajiye tsohon fayil ɗin. Kai za ka iya danna Ctrl+Shift+R, amma ba za ka bi masu karatu ɗaya bayan ɗaya ba. Canza adireshin fayil ɗin duk lokacin da ka canza cikinsa, ko da `salo.css?v=2` ne. Vite, kayan haɗa fayilolin shafi, yana yin haka da kansa, yana manna wasu haruffa a sunan fayil duk lokacin gini. Idan shafin yana bayan Cloudflare, a share ajiyar can ma.

Mene ne kuskuren CORS, kuma me ya sa abin ke aiki a Postman, manhajar gwada aika buƙata zuwa saba?

Doka ce ta burauza, Postman ba ta shafe shi ba. Burauza ba ta barin JavaScript na wani tushe ya karanta amsa daga wani tushen sai da izini, kuma `localhost:5173` da `localhost:3000` tushe biyu ne saboda lambar ƙofarsu ta bambanta. Gyaran a saba yake: ta dawo da `Access-Control-Allow-Origin` ɗauke da adireshin shafinka, ta kuma amsa buƙatar OPTIONS da burauza ke fara aikawa. Alamar `*` ba ta aiki idan akwai kuki a cikin buƙatar. Saka `no-cors` kuwa yana ɓoye jan rubutun ne kawai, amsar da za ta dawo ba za ka iya karanta ta ba.

Ta yaya zan ajiye kuɗi, lambar waya da kwanan wata?

Rubuta `0.1 + 0.2` a Console, za ka ga 0.30000000000000004. Shi ya sa ba a lissafin kuɗi da lamba mai ɗigo. Ajiye komai a kobo: ₦2,500 ta zama 250000, sai wajen nunawa a raba da 100. Kamfanin biyan kuɗi na Paystack ma a kobo yake karɓar adadi, kuma wanda ya manta ya aika 2500 zai caji Naira 25.

Lambar waya rubutu ce, ba lamba ba. In ka ajiye ta a ginshiƙin lambobi, sifilin farko zai faɗi. Ajiye ta da lambar ƙasa, +234 ko +227, kuma kada fom ɗinka ya nace sai lambobi 11, domin na Nijar 8 ne. `type="tel"` yana fito da madannan lambobi a waya.

Lokaci a ajiye shi a UTC, wato agogon duniya na bai-ɗaya, a nuna shi da `Africa/Lagos` ko `Africa/Niamey`. Ghana tana bayanmu da awa ɗaya. JavaScript yana karanta "03/04/2025" irin na Amurka, 4 ga Maris, don haka idan 3 ga Afrilu ake nufi a rubuta 2025-04-03. Kalandar Hijira da ke cikin burauza ta lissafi ce, tana iya saɓa wa sanarwar ganin wata da kwana ɗaya, saboda haka a bar wa mai kula da shafin wurin ƙara ko rage kwana.

Wani ya danna "Biya" sau biyu, an yi masa oda biyu.

Netwok ya yi jinkiri, bai ga alamar komai ba, ya sake dannawa. Kashe maɓallin da zarar an taɓa shi, ka rubuta "Ana aikawa". Wannan rabin magani ne. Sauran rabin a saba yake: kowane fom ya tafi da lambar shaida tasa, a saka wa ginshiƙin `UNIQUE`, ta yadda buƙata ta biyu za ta tarar an riga an rubuta ta farko. Kada kuma a saki kaya don burauza ta ce an biya. Sabarka ta tambayi kamfanin biyan kuɗin da kanta, ta kwatanta adadin da aka biya da farashin da ke rumbunka.

Data tana ƙarewa wajen `npm install` da neman bayani.

`npm install --prefer-offline` yana fara duba abin da ka taɓa saukewa. pnpm ya fi haka: kwafi ɗaya yake ajiyewa na kowane ƙunshi, duk ayyukanka su yi tarayya a kai. Don karatu kuma, DevDocs yana barin ka sauke bayanan HTML, CSS, JavaScript da PHP a cikin burauza, Zeal kuma manhaja ce mai irin wannan aiki, duka suna buɗewa babu intanet.

Zan iya saka rubutun ajami a shafi?

Za ka iya. Sakin layin da ke da ajami a ba shi `lang="ha-Arab"` da `dir="rtl"`. A CSS a bar `margin-left` a koma `margin-inline-start`, domin shi yana juyawa da kansa idan rubutu ya koma daga dama. Font na Larabci na yau da kullum ba lallai ya zo da duk haruffa da wasulan ajami ba. Ƙungiyar SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, da Harmattan na rubutun Warshu na Afirka ta Yamma, kuma dukansu kyauta ne. Ɗora fayil ɗin font ɗin a sabarka a sigar WOFF2, ka kira shi da `@font-face` tare da `font-display: swap`, sannan ka ƙara tazarar layi zuwa kamar 2, saboda wasulan sama da na ƙasa kada su haɗe da na layin da ke biye.